Raƙuman da gidan waya bai san da su ba

Kusan duk mai tara kan sarki mai hoton raƙumi da na Sudan yake farawa: ɗan aiken gidan waya bisa raƙumi da jakunkunan wasiƙu, wanda wani hafsan soja ɗan Birtaniya, E. A. Stanton, ya zana, aka fitar a 1898. Samunsa ba wuya, don an yi shekara da shekaru ana buga shi. Daga nan na shiga neman na ayyukan raya hamada, irin na Libiya masu nuna manyan bututun da aka fara aikinsu a 1984 don janyo ruwan ƙarƙashin Sahara zuwa biranen bakin teku, da na Muritaniya masu jirgin ƙasan da ke jigilar tama zuwa tashar jiragen ruwa ta Nuwadibu tun 1963. Waɗannan duk lafiya lau.

Wani dillali ne a intanet ya damfare ni. Ya turo mini hotunan wasu masu sheƙi, raƙuma a bakin rijiya, raƙuma kusa da faifan sola, an buga sunan Nijar da Chadi da Mali a jiki. Na zuba kuɗi masu kauri. Da suka iso na kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar, ya juya su, ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin ɗayansu manne a ambulan, da hatimi?" Ban taɓa ba. Ashe gidajen wayar ƙasashen nan ba su san da su ba. Wasu ne ke buga su a waje da sunan ƙasashen, su sayar wa masu tara na dabbobi. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, da ke birnin Bern na ƙasar Switzerland, ta sha raba takardun gargaɗi a kan irinsu.

Abin da ke ci mini rai har yau, sun fi na gaskiyar kyau, wallahi.

Yanzu ba na biyan ko sisi sai na duba kundin Yvert ko na Michel, masu jera kan sarkin ƙasashe, sannan WNS, rajistar kan sarki na gaskiya da ƙungiyar ta buɗe a 2002, ko da yake ba kowace ƙasa ce ke shigar da nata ba. In abu ya cika sheƙi, ga raƙumi ga motar tsere a takarda guda, sai in wuce. Na fi son wanda ya ɗan koɗe amma ya taɓa ɗaukar wasiƙa. Shi kuwa dillalin, na rubuta masa bai amsa ba, kuma har yanzu yana nan yana tallar su.