Robar fitsari a gida: abin da ɗakunan Damagaram suka koya mini

Sa wa mutum robar fitsari aiki ne na mintoci kaɗan. A wanke wurin, a shafa mai, a zura, a cika 'yar balan-balan ɗin da ke bakinta da ruwa mililita 10 don kada ta zame, a haɗa jaka. Dattijon da aka kawo yana murƙususu, mara ta kumbura, tun jiya bai yi ko ɗigo ba, sai ka ga ya sauke ajiyar zuciya yana sa maka albarka. Wannan mun koye shi a makaranta, kuma mun iya shi. Makonni da watannin da zai yi da robar nan a ɗakinsa kuwa, a Birni ko Garin Malam ko wani ƙauye bayan Mirya, sai da na fara bin majinyata gida-gida na san yadda suke.

Yawancinsu tsofaffi ne maza da furostat, wato 'yar tsokar da ke kewaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsara, ta kumbura ta toshe musu hanya. Wasu ciwon sanyin da ba a yi wa magani da kyau ba tun suna samari ne ya bar musu tabo, hanyar ta tsuke. Akwai samarin da lakar bayansu ta taɓu, wani a haɗarin kabu-kabu, wani rami ya rufta da shi wajen haƙar zinariya a Jado. Akwai masu shanyewar ɓarin jiki. Mata ma suna nan, bayan doguwar naƙuda ko bayan aikin yoyon fitsari, sai dai tasu ba ta cika daɗewa ba. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kwana 7 zuwa 10 sun wadatar bayan ɗinkin yoyon da bai yi tsanani ba.

Duk wanda za a sallama ana gaya masa cewa jaka ta zauna ƙasa da mafitsara, kuma kada ta taɓa ƙasa. Maganar daidai ce, domin fitsari gangara yake yi, in jaka ta yi sama sai ya tsaya ko ya koma ciki da ƙwayoyin cutar da ya kwaso. Amma wanda ya tsara wannan ƙa'ida gadon asibiti yake kallo, mai ƙafafu da ƙugiya a gefe. Mutanenmu da yawa a tabarma suke kwana, ko katifa a ƙasa, kuma da bazara kowa tsakar gida yake fitowa. Ina ƙasa da mafitsarar mutumin da shi kansa a ƙasa yake? Na shiga ɗakin wani tsoho na tarar an rataye jakar a ƙusar bango, inda yake rataye carbi da hula, bututun ya miƙe sama cike da fitsarin da ya rasa hanya. Iyalinsa ba sakaci suka yi ba. An ce musu kada ta taɓa ƙasa, suka kiyaye iyakar ƙoƙarinsu.

Tun daga nan kafin in buɗe baki da wata shawara sai na tambaya a ina yake kwana, in kuma da hali in gani da idona. Wani gidan a ari gadon ƙarfe wurin maƙwabta. Wani a jera bulo a ɗora tsohuwar ƙofa, a shimfiɗa katifa a kai. Gadon kara ma yana yi, dakali ma yana yi. Dabarar da ta fi burge ni wani saurayi ne ya yi wa mahaifinsa a ɗaki mai daɓen ƙasa: ya haƙa ɗan rami a gefen shimfiɗa, ya zaunar da roba mai tsabta a ciki, jakar ta kwanta a robar. Ga ta ƙasa da mara, ga ta ba ta taɓa turɓaya ba, kuma ko sisi bai kashe ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu ni nake kai wannan dabara wasu gidaje.

Sai maganar ruwa, wadda a Damagaram ba ƙaramar magana ba ce. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda famfo ke yi a wasu unguwanni in zafi ya tsananta. Ka ce wa gidan da ke sayen bido wurin 'yan ga-ruwa "ya riƙa shan ruwa da yawa", ba ka ce komai ba. Abin da ake so wajen lita 2 ne a yini, in dai likita bai taƙaita masa ba saboda ciwon zuciya ko ƙoda, kuma a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, gumi na cinye kaso mai yawa kafin ya kai mafitsara. Nakan sa a ware masa gora ta lita ɗaya da rabi, a cika da safe, ta ƙare kafin magariba, ban da kunu da fura da ya saba sha. Ma'aunin kuma yana rataye a gefensa: in fitsarin ya yi fari-fari, ruwa ya isa; in ya yi ja kamar ya ƙone, a ƙara.

Wani abu da na daɗe ban ji daga bakin kowa ba sai da wata tsohuwa ta faɗa mini a zaure: maigidanta da gangan yake ƙin shan ruwa. Ba ya so jakar ta yi saurin cika, don kada ya riƙa tayar da mutane cikin dare su zubar masa. Na sha tarar da irin wannan bayan nan. Mutum ya zaɓi ƙishirwa a kan ya zama nauyi. Irin wannan ba a gyara shi da faɗa. Sai an zauna da shi an nuna masa cewa ƙarancin ruwan ne ke sa robar toshewa, toshewar kuma ita ce za ta tayar da gidan gaba ɗaya da ƙarfe biyun dare ana neman abin hawa.

Wanki bai buƙatar ruwa mai yawa. Buta ɗaya da sabulu sun isa a wanke inda robar ta shiga jiki sau ɗaya a rana da kuma bayan an zaga, ana gogewa daga jiki zuwa waje. Ba hoda, ba man shanu, ba garin magani. Mai zubar da jaka ya wanke hannu kafin da bayan, ya zubar tun ba ta cika maƙil ba, bakin famfon jakar kuma kada ya taɓa fo. A ɗaure bututun a cinya da filasta ko tsumma mai laushi, domin in yana reto yana jan jiki, a hankali yake tsaga bakin mazakuta.

Inda na fi shan wahalar fahimtar da mutane shi ne maganar kafso. Kowace rana da roba ta ƙara a jiki, yiwuwar ƙwayoyin cuta su zauna a fitsarin na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, ta yadda bayan wata guda kusan kowa yana da su. Zamansu kawai ba ciwo ba ne. Amma da an ga fitsari ya yi kauri ko ya yi wari, sai a aiki yaro wurin mai tallan magani a tire, a sha kwana biyu a bari, wani mako a sake. Ƙwayoyin cutar ba sa mutuwa, sabawa suke yi, ranar da ciwon gaske ya zo kuma maganin da muke da shi ya ƙi ci. Abin da ke sa a tashi a tafi asibiti daban yake: zazzaɓi, rawar ɗari, ciwon kwiɓi, jini da gudaji, tsoho ya ruɗe yana sambatu alhali jiya lafiya lau yake magana, ko jaka ta yi awanni ba ɗigo mara na kumbura. Da damina kowane zafin jiki sunansa zazzaɓin cizon sauro, don haka nakan ce musu ko gwajinsa za a yi, a fara gaya wa likita cewa akwai roba a jiki, domin a ƙarƙashin babbar riga ba wanda zai gani.

In fitsari ya tsaya, a fara duba ko bututun ya lanƙwashe, ko majinyacin ya kwanta a kansa, ko mazagin wando ya matse shi. A tambayi rabonsa da bayan gida, domin cushewar ciki na danne hanya, kuma tsamiya da zogale da miyar kuka suna taimakawa. In ba wannan ba ne, galibi tsakuwa ce ta taru a ciki; akwai ƙwayar cuta mai suna Proteus da ke sauya fitsari har gishirinsa ya daskare ya toshe ramin robar, kuma maganinta canji. Mai ciwon lakar baya ta sama kuwa, in roba ta toshe ya ce kansa na sarawa, gumi na keto masa, jininsa ne ya hau, ba a jiran safiya. Kuma duk tsanani kada a ja robar, kada a yanke ta. Balan-balan ɗin da ke ciki ta kai girman goro, wanda ya fizge ta da ita a cike zai yaga hanyar fitsarinsa.

Jaka kuɗi ce, na sani. Shi ya sa ake cire ta a wanke a mayar, wasu ma su toshe bakin robar da murfin biro su fita. Ba na zagin kowa a kan haka, amma ina faɗa ƙarara cewa duk buɗe mahaɗar nan ƙofa ce aka buɗe wa cuta, kuma kuɗin jaka bai kai kuɗin kwana uku a gadon asibiti ba.

Duk waɗannan ana koyar da su, amma wa za a koya wa? A asibiti wanda ya rako majinyaci ake yi wa bayani, yawanci babban ɗa ko ƙane mai mota. A gida kuwa ba shi zai durƙusa ya wanke ba. Uwargida ta tsufa, ido ya yi rauni. Suruka ba ta ko haɗa ido da shi, balle ta ga tsiraicinsa. Ɗan fari tsakaninsa da uba kunya ce tun haihuwa. Sai a wayi gari gida cike da mutane, kowa na ƙaunar tsohon, ba wanda ya taɓa ɗaga zanen ya duba. Yanzu nakan tambayi majinyacin da kansa, mu biyu kawai: "Baba, a gidan nan wa kuka fi sakewa da shi?" Sau da yawa amsar jika ce. Wasan da ke tsakanin kaka da jika yana ɗauke nauyin da ɗa ba zai iya ɗaukewa ba. Na ga yaro ɗan shekara goma sha shida yana ɗaure wa kakansa bututu a cinya yana cewa, "Tsoho, ka bar motsi, ko in kai ƙararka wurin amaryata," kakan na dariya yana cewa ya yi ya gani. Shi nake koya wa, hannu da hannu, sai ya yi a gabana na gani kafin in tafi. A ɓangaren mata kuma ƙanwa ce ko 'ya, wani lokaci ma abokiyar zama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Mutumin da ya shekara arba'in a sahun gaba, sai ka ji ya daina zuwa masallaci, wani ma ya daina sallar gaba ɗaya, yana ganin jikinsa ba ya rabuwa da najasa. Ba ya faɗa wa kowa, sai dai a ga ya rame ya daina magana. Ni ba malami ba ne, ba na ba da fatawa, amma duk wanda ya zauna gaban malam a garin nan ya ji maganar mai yoyon fitsari a Risala, inda aka so ya yi alwala ga kowace salla, ba a ce ya bar salla ba. Nakan roƙi limamin unguwa ya leƙo ya faɗa masa da bakinsa, domin kalma ɗaya tasa ta fi goma tawa a wannan fage. Akwai kuma ƙaramar jaka ta rabin lita da ake ɗaurawa a ƙafa cikin wando. A zubar kafin a fita, ba mai sanin tana nan. Mutum ya koma masallaci, ya koma majalisarsa ta bakin titi, ya je suna da ɗaurin aure, sai ka ga har abinci ya fara ci. Azumi ma haka, a tambayi likita a tambayi malam, domin wunin bazara ba ruwa da roba a jiki ba abin wasa ba ne. Magidanta kuma suna da tambayar da ba sa yi sai sun rako ni ƙofar gida, ta zaman iyali. Na koyi in rage sauri a zaure don su samu damar yin ta.

Roba ba ta zama har abada. Ta yau da kullum, mai ruwan ɗorawa, bai kamata ta wuce mako 4 ba, ta silikon kuma tana iya kai mako 12. Amma tambayar da ta fi ta canji muhimmanci ita ce yaushe za a cire ta gaba ɗaya. Da yawa an sa musu ne kafin a yi aiki, kuɗin aiki bai samu ba, damina ta zo ta wuce, aka ci gaba da canji har kowa ya manta cewa na wucin gadi ne. Alhali wani in aka ba shi maganin furostat na 'yan kwanaki aka gwada cirewa, fitsari na zuwa da kansa. Wani aiki ne zai raba shi da ita, kuma ana yin sa a Babban Asibitin Ƙasa na nan Damagaram ba sai an je Yamai ba. Wanda hanyarsa ta lalace ana iya huda masa ta mara, ta fi sauƙin kulawa. Samari masu ciwon laka da hannuwansu ke aiki kuwa, akwai hanyar da likita Jack Lapides ya bayyana a Amurka a 1972: mutum ya wanke hannu ya zura siririyar roba da kansa sau huɗu zuwa shida a yini, ya zubar ya cire, ba jaka ba reto. Wanda ya iya ta yakan koma kasuwa ko teburin sana'arsa.

Don haka kowace ziyara nakan sake tayar da maganar cirewa, ko da na san amsar ba kuɗi, domin wani lokacin ɗa ya aiko daga Libiya ko an sayar da rago ba wanda ya tuna. Ranar canji kuma na daina rubuta ta a takarda kawai. Mutanen ƙauye nakan sa musu Alhamis, ranar Kasuwar Dole, lokacin da motoci ke shigowa daga Mirya da Magarya da Matamai da Tanut, in ƙirga musu da kasuwa: "Kasuwa huɗu daga yau." Lambar jikan nake karɓa, ran Laraba da yamma in kira shi ya nemi mota, ya kuma taho da sabuwar jaka in sun samu saya.