Abin da katangar wasa ta koya mini a shagon gyaran waya

Aikin gyaran waya akwai zaman jira, musamman in an ɗauke wuta. A irin wannan zama ne yaran shagonmu na Tudun Wada suka ɗora mini duba musu sansanoninsu na Clash of Clans, wasan yaƙin nan da kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2012. Wai wanda ya saba da ƙananan wayoyin cikin waya ba zai rasa haƙurin jera bulo ba.

Mai kawo hari minti uku gare shi. Ya rushe rabin gari ya ci tauraro ɗaya, ya kayar da Town Hall, wato babban ginin garin, ya ƙara ɗaya, na uku kuwa sai ya share komai. To duk daƙiƙar da ƙattinsa suka ɓata suna jibgar katanga, igwa da maharban hasumiya na ta cin su. Lokaci katanga take sayo wa mai gida, shi ya sa wadda aka gina inda harbi ba ya kaiwa asarar zinariya ce kawai.

Sabon shiga yakan zagaye garinsa da katanga guda, ya yi ta kallonta yana jin daɗi. 'Yan ƙwarangwal ɗin nan masu gudu da bam su fasa wuri ɗaya, shi ke nan, gari ya zama na kowa. In aka yanka garin ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki sai mai hari ya sake fasa katanga kafin ya shiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne giɓi. Dakarun ƙasa ba su da wayo, hanya mai sauƙi suke bi. Ka bar musu 'yar kafa da gangan, ka binne babban bam ko tarkon da ke cilla mutum sama, za su biyo layi su faɗa. Duk wanda ya san ganuwar Zariya ya san a bakin ƙofa ake tsare baƙo.

Wani yaron shagon ya ce mini, "Oga, ai na ƙarar da zinariyata a katanga, wa zai shigo?" Da yamma aka aiko masa da balan-balan ta sama. Mahaya aladu ma tsallake ta suke yi kamar babu ita.

In ni ne mai hari, nakan fara share gine-ginen gefe don kada dakaru su yi ta zagayen gari ana harbinsu. Sannan in zubar da sihirin girgizar ƙasa guda huɗu a wuri ɗaya, wanda ke rushe katanga komai ƙarfinta, in tura kowa ta nan. Guda uku ba sa isa, kuma yaran har yau sukan yi rowar na huɗun.