Abin da tayoyin tsofaffin motocin gudu suka koya mini

Ina cikin shekarata ta biyu a garejin da muke gyaran tsofaffin motocin gudu, irin masu kujera biyu na shekarun 1950 zuwa 1970, maigidana ya fara sakar mini aikin taya ni kaɗai. A lokacin ba na ganin akwai aikin da ya kai shi sauƙi. Inji da giya da wayoyin lantarki su ne masu wuya a idona. Taya kuwa, ka karanta lambar da ke jikinta, ka nemo mai irin lambar, ka ɗaura, shi ke nan.

Motar da ta fara gyara mini wannan tunani Jaguar E-Type ce. Takardar aikin ta ce 185 R15. Na samo 185/70 R15, na ga faɗi ɗaya, rim ɗaya, na ɗaura huɗu na sauke motar daga kan jak. Maigida ya zo ya tsaya daga nesa, ko taɓa ta bai yi ba, ya ce, “Yaro, motar nan ta zauna.” Na ce, “Maigida, ai lambar ɗaya ce.” Bai yi mini faɗa ba. Takarda da biro ya miƙo mini ya ce in yi lissafi.

Ga abin da lissafin ya nuna. Idan aka rubuta 185 R15 babu wata lamba a tsakiya, tsayin gefen tayar kusan kashi 80 cikin 100 ne na faɗinta mai milimita 185, wato milimita 148. Mai lamba 70 kuwa, wato kashi 70 cikin 100 na faɗin, gefenta bai cika milimita 130 ba. Idan ka haɗa da rim mai inci 15, wato milimita 381, tayar farko tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kai wajen 677, ta biyun 640. Ke nan na saukar da motar da fiye da milimita 18, ga shi dama salansar E-Type a ƙarƙashin cikinta take, dab da ƙasa. Agogon gudu zai riƙa nuna 100 alhali ko 95 ba a cika ba, inji kuma zai riƙa juyi fiye da yadda ya kamata a doguwar tafiya. Da hannuna na kwance tayoyin nan huɗu a yammacin ranar, kuma tun daga nan ban sake sayen taya ba sai na auna tsayinta gaba ɗaya.

Wannan ƙaramin darasi ne. Babban ya ɗauke ni shekaru kafin ya zauna mini: ita tsohuwar mota, a kan tayarta aka gina ta. Injiniyoyin da suka zaɓi ƙarfin sifirin da shokozoba da nauyin sitiyari, da wata taya takamaimai suka yi ta gwaji har suka gamsu. E-Type ta fito a bajekolin Geneva a 1961 da Dunlop RS5 mai lamba 6.40-15, irin tayar da zaren cikinta ke gicciye da juna hawa-hawa. Rediyal, wadda zarenta ke tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki da ɗamara a ƙarƙashin zane, Michelin ya yi mata rajista a 1946 ya fara sayar da Michelin X a 1949, Pirelli ya biyo da Cinturato a farkon shekarun 1950, amma sai da aka ɗauki shekaru kafin ta game motoci. Porsche 911 ta farko, ta 1964, faɗin tayarta milimita 165 ne kacal a kan rim mai faɗin inci huɗu da rabi. Wanda ya saba da motocin yau zai ga kamar an rage mata wani abu. Ba a rage komai ba, daidai da ita aka yanka.

A nan ne muka fi samun saɓani da masu motoci. Mutum zai zo ya ce yana son taya mai faɗi, don ta cika ido kuma ta fi kama kwalta. Maganar kamu gaskiya ce a wani ɓangare, shi ya sa take da wuyar musu. Abin da nake ƙoƙarin nuna musu shi ne yadda motar ke yi idan ta shiga kwana. Tsohuwar mota tana kwanciya gefe sosai, kuma idan ta kwanta tayar ma karkata take yi, ba ta tsayawa a miƙe kamar ta motar zamani. Shi ya sa tayoyin wancan lokaci kafaɗarsu zagaye take: duk yadda tayar ta karkata, akwai robar da ke kan kwalta, kuma idan kamun ya fara ƙarewa a hankali yake ƙarewa. Direba yana jin abin a tafin hannunsa da kujerarsa, yana da lokacin sassauta ƙafa ya gyara. Tayar zamani mai faɗi kafaɗarta a tsaye take kamar bulo, an yi ta ne don motar da ke riƙe ta a shimfiɗe. Ka sa ta a tsohuwar mota, za ta kama ƙam har zuwa wani wuri, sannan motar ta kwanta, tayar ta hau kan gefenta, kamun ya tafi gaba ɗaya ba sallama. Na fi tsoron wannan a kan tayar da kamunta bai kai ba amma tana faɗa maka gaskiya tun da wuri.

Abin ya fi muni a motocin da ƙafafun bayansu ke lilo daga tsakiya, irin Porsche 356 da Triumph Spitfire ta farko da Mercedes 300 SL mai ƙofa kamar fiffike. Idan kamu ya yi yawa a kwana, bayan motar ɗagawa yake yi, tayar waje ta lanƙwasa ciki, kuma a nan direban da bai saba ba yake rasa ta.

Sai nauyin sitiyari. Yawancin motocin nan ba su da na'urar da ke sauƙaƙa murɗa shi, ƙarfin dantse ne. Ƙara faɗin taya yana mayar da sitiyari mai sauƙi da magana ya zama dutse, motar ta riƙa bin kowane tsagi da ke kan titi. Ƙarin kamun nan kuma ba ya ɓacewa a iska, yana sauka ne a kan boris da ƙarafan ƙafa da wayoyin rim, waɗanda aka ƙera shekaru hamsin ko sittin da suka wuce don nauyin da bai kai haka ba. Akwai wani mai mota ƙirar MGB da ya nace sai an sa masa masu faɗi. Na ce, “Yallaɓai, motarka ce, amma ka ba ni dama ka fara tuƙa ta da girman da aka yi ta da shi, in ba ta yi maka ba mu canza.” Ya yarda da ƙyar. Da ya dawo daga zagayen gwaji bai sake ɗauko maganar ba, sai tambayar iska nawa zai riƙa sa mata.

Ni ra'ayina, motar da za a riƙa hawa, rediyal mai tsohon zane ce ta fi dacewa da ita. Kamfanonin da suka yi su a da suna sake yin su da siffar asali amma da robar zamani: Michelin XAS da ta fara fitowa a 1965, da XWX, da Pirelli Cinturato CA67 da CN36. Porsche ma yana gwada tayoyi don tsofaffin motocinsa, waɗanda ya amince da su za ka ga harafin N a gefensu. Mai zaren gicciye ina sa ta ne ga motar shekarun 1950 da mai ita ke son ya ji ta yadda ta fito daga masana'anta, kuma nakan gaya masa tun farko cewa za ta ɗan riƙa yawo a hanya kuma za ta fi saurin cinyewa. Abin da ba na yi ko an roƙe ni shi ne haɗa iri biyun a mota ɗaya. Kuma duk wanda ya koma rediyal, iskar da tsohon littafin motar ya rubuta takan yi mata kaɗan, sai an ƙara.

Darasin da ya fi girgiza ni shi ne na shekaru. Waɗannan motoci ba sa tafiya da yawa, wata sai ta yi watanni a rufe. Saboda haka zanen tayarsu ba ya cinyewa, sai ka ga taya tsaf kamar jiya aka ɗaura ta, alhali kyan ɗan maciji ne. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa: rana da iska suna busar da ita, ta yi tauri, ta daina kama kwalta musamman idan an yi ruwa. Wata rana na fita gwada wata mota da aka kawo gyaran birki, an ɗan yi yayyafi, na taka birki a gudun da bai kai ya kawo ba sai ta zame da ni kamar a kan sabulu. Allah ya kiyaye babu kowa a gabana. Birkin lafiyarsa ƙalau. Da na duba gefen taya, lambar ƙarshe bayan haruffan DOT guda uku ce, ma'ana kafin shekarar 2000 aka yi ta. Daga 2000 zuwa yau lambobi huɗu ake sawa, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara idan ta kai shekara biyar, a cire ta idan ta kai goma ko da zanenta na nan. Yanzu kafin in kunna kowace mota, lambar nan nake fara karantawa, har ta safaya, domin ita ce aka fi mantawa kuma ita ce takan fi tsufa.

Rim mai wayoyi kuma nasa sha'anin daban. Iska na fita ta ramukan wayoyin, don haka yawancinsu sai da tub, da ɗamarar roba da ke rufe kawunan wayoyin kada su huda shi. Sabon tub nake sawa duk lokacin da na sa sabuwar taya, kuma nakan shafa cikin tayar da hannu in cire duk wata takardar liƙi, don ita kaɗai ta isa ta goge tub har ya fashe. Ba na sa tub a tayar da tsayin gefenta bai kai kashi 70 cikin 100 na faɗinta ba. Harafin da ke nuna iyakar gudun da taya ke ɗauka ma ina dubawa: S kilomita 180 a awa, H 210, V 240, kuma ba na sauka ƙasa da abin da motar ke iya yi, ko da mai ita ya rantse ba ya gudu. Akwai kuma tarkon tayar TRX da Michelin ya fito da ita a 1975, wadda rim ɗinta da milimita ake auna shi. Rim mai milimita 390 a ido kamar inci 15 yake, amma ba ya karɓar tayar inci 15, kuma matsa masa ita ganganci ne da rai.

Idan na gama ɗaurawa aka yi balansin, nakan fita da motar in bi hanya ɗaya da na sani kwana-kwana. Ina sakin hannu kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya in ga ko za ta ja gefe, in murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama in saurara ko taya na gogar jiki, in shiga kwana a hankali sannan in sake shiga da ɗan ƙarin gudu in ji lokacin da sitiyari ya fara sauƙi a hannuna. Ba na bayar da motar a ranar. Sai ta kwana, da safe tayoyin sun huce, in sake sa geji in ga ko wata ta rage iska, in bi wayoyin rim ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe ina ƙwanƙwasawa. Wadda ta ɗaure tana ƙara garau, wadda ta saki muryarta a dushe take, kuma in na ji guda ɗaya a dushe, motar tana komawa kan jak.