Yarinyar da na zaci taurin kai gare ta

Na shekara shida ina koyar da ajin share fagen shiga firamare a wata makarantar gwamnati da ke cikin garin Sakkwato kafin a kawo mini yarinyar da ta sauya yadda nake tafiyar da aji. Shekarunta biyar, kuma na yi kusan wata guda ina kiran sunanta ba ta waiwayowa, har na yanke hukunci a raina cewa taurin kai ne da sangarta. Ranar da kakarta ta zo ɗaukarta na kai ƙara, sai tsohuwar ta dube ni ta ce, "Malama, ɗiyag ga ba ta ji sosai, tun da ta yi sanƙarau." Kunya ta rufe ni, domin duk wanda ya zauna a yankinmu ya san yadda cutar nan ke yaɗuwa lokacin zafi, kuma rashin ji na cikin tabon da take bari.

An ba da shawarar a mayar da ita makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman, amma iyayenta suka ce ta yi ƙanƙanta da zirga-zirgar, kuma yayyenta duk a nan suke. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar mata da haƙƙin neman ilimi, sai dai doka ba ta shiga aji ta gyara wa malami zama.

Da na lura da kaina, sai na ga rabin matsalar daga gare ni take. Ina magana ina fuskantar allo, ga taga a bayana mai haske wanda ke duhunta fuskata, alhali da leɓɓana take karanta abin da nake faɗa. Na ture bencina gefe, na shimfiɗa tabarmi, muka riƙa zama kamar jinjirin wata yadda kowa ke ganin fuskar kowa, ita kuma tana gefen da kunnenta mai ɗan ji yake fuskantata. Na koyi maganar hannu kaɗan daga wani kurma maɗinki a unguwarmu: ruwa, abinci, bayan gida, zo, zauna. Lissafi kuwa da marafan kwalba muke yi, kuma idan lokacin tara ya yi sai in buga ƙaramar ganga maimakon ƙararrawa, tunda tana jin rugugin a jikinta.

Kuskuren da na fi nadama shi ne ɗora wa wata yarinya mai hankali aikin kula da ita kullum. Cikin makonni biyu mai taimakon ta gaji ta fara guje mata, sauran yaran kuma suka ɗauka ba ruwansu da ita. Na soke tsarin, na koya wa ajin gaba ɗaya alamomin hannun a matsayin wasa, na kuma hana kiranta "bebiya", sunan da wasu iyaye ma ke amfani da shi ba da mugun nufi ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne wani yaro Bafulatani da ya zo daga ruga ba ya jin Hausa, wanda ya yi wata biyu bai ce uffan ba. Da alamomin hannun nan ya fara neman ruwa, kuma da ita ya fara ƙulla abota, su biyun suna zaune a bakin tabarma suna jera marafan kwalba ba tare da kowa ya furta kalma ba. Da za su wuce aji ɗaya, na rubuta wa malamin da zai karɓe su takarda mai shafi biyu, na fara da inda ya kamata ya tsaya idan zai yi magana.