Yadda muke auna ajin mutuwa kafin mu fitar da shi kasuwa

Kamfaninmu ƙarami ne. Ni nake rubuta dokoki, akwai mai zane, akwai kuma mai tace rubutu, abin da muke sayarwa kuwa ƙananan littattafai ne na PDF da ake ƙarawa a kan wasan Dungeons & Dragons. Ga wanda bai san wasan ba: Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974. Mutane ne za su zauna kewaye da tebur, kowa ya riƙe jarumi ɗaya, jagoran wasa yana ba da labarin duniyar da suke ciki, ɗan lido mai fuska 20 kuma shi ke raba gardama idan aka zo kan ko abu ya yiwu ko bai yiwu ba. Kowane jarumi yana da ajinsa, wato sana'arsa a cikin labarin: mayaƙi, matsafi, mai warkarwa, ɓarawo da sauransu. Mu aikinmu ƙirƙiro sababbin azuzuwa, kuma a cikin duk abin da masu saye suke roƙonmu, babu wanda ya kai ajin da ya shafi mutuwa yawan nema. Babu kuma wanda ya kai shi wuyar daidaitawa.

Dalilin wuyar yana cikin ginin wasan kansa. A bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, idan makin ran jarumi ya ƙare ba nan take yake mutuwa ba. Faɗuwa yake yi, sannan duk lokacin da layi ya zo kansa sai ya jefa ɗan lido. In ya sami 10 ko sama ya ci ɗaya, in ƙasa da haka ya faɗi ɗaya. Ci uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi. Wanda ya jefa 1 an rubuta masa faɗuwa biyu, wanda ya jefa 20 ya farfaɗo da maki ɗaya. Kowace jifa damar ci kashi 55 ce cikin 100. Wannan ɗan lissafi shi ne abin da ke sa mutane su miƙe daga kujera suna leƙa tebur, kuma duk ajin da aka gina a kan mutuwa dole hannunsa ya taɓa shi. Idan ka ba ajin ikon da zai sa faɗuwa ta daina ban tsoro, ka kashe abin da ya ba ajin daraja tun farko. Idan kuma ka tsorata ka hana shi komai, sai mai wasa ya ga baƙaƙen kaya kawai aka sa masa.

Yawancin rubuce-rubucen da masu sha'awa ke turo mana mu duba hanya ɗaya suke bi, ta rundunar gawarwaki. Wasan kansa yana da tsafin da ake kira Animate Dead, na daraja ta uku a jerin ƙarfin tsafi, wanda matsafi ke samu a mataki na 5 cikin matakai 20 da jarumi ke hawa yayin da yake ƙara ƙarfi. Yana tayar da ƙwarangwal ko gawa ɗaya ta yi maka biyayya na awa 24, in ka sake yin tsafin kafin lokacin ya cika kana iya ci gaba da riƙe har huɗu. Matsafi a wannan matakin yana da damar yin tsafin daraja ta uku sau biyu a rana, da ƙarin ɗaya in ya ɗan huta, don haka mai haƙuri zai iya tara takwas. A dokokin 2014 kibiyar ƙwarangwal ɗaya tana yin lahanin maki 5 da rabi a matsakaici. Takwas kenan 44 in duk sun samu. Ka kwatanta da mayaƙi a mataki guda, mai babban takobi, wanda ke sara sau biyu, kowace sara wajen maki 11: 22 kenan. Gaskiya ne ƙwarangwal ya fi mayaƙi yawan kuskure, ransa kuma maki 13 ne kacal, tsafin wuta ɗaya zai share su duka. Saboda haka a kan takarda ana iya cewa abin ya daidaita.

A tebur ne ba ya daidaita. Mai ƙwarangwal takwas sai ya motsa kowanne, ya jefa wa kowanne ɗan lido, jagora ya rubuta makin kowanne, sauran mutum huɗu suna zaune sun zuba tagumi. Mayaƙin ya gama nasa cikin minti ɗaya, sai ya jira minti goma kafin layi ya dawo kansa. A wurina lokacin tebur shi ne dukiyar da ta fi kowace tsada a wannan wasa, domin mutane sun bar ayyukansu ne sun zo, kuma ajin da ya cinye rabin daren shi kaɗai ya yi zalunci ko da lissafinsa ya fita daidai. Shi ya sa idan muna gwaji, ban da takardar lissafin lahani, akwai agogo a gefena, ina duba tsawon lokacin da kowa ke ɗauka.

Ajin da muke aiki a kansa yanzu mun sa masa suna Mai Rakiya. Ba ya tayar da kowa. Aikinsa tsayawa kusa da wanda ke bakin tafiya, ya riƙe shi ko ya sallame shi. Ƙashin bayansa mun gina shi yadda sauran azuzuwa suke, don kada ya zama baƙo a cikinsu. Ɗan lidon da ake jefawa a san makin ransa mai fuska 8 ne kamar na mai warkarwa, ya fi na matsafi mai fuska 6, bai kai na mayaƙi mai fuska 10 ba. Ƙarin ƙarfin jiki ko basira yana zuwa a mataki na 4, 8, 12, 16 da 19, inda kusan kowa ke samun nasa. Wajen jifar kare kai, wato jifar da jarumi ke yi don kauce wa tsafi ko wani haɗari, wadda iri shida ce, duk azuzuwan asali suna da ƙwarewa a ɗaya daga cikin uku da ake yawan buƙata, da ɗaya daga cikin uku da ba a cika nema ba, mu ma haka muka yi. Duk wanda ya ba ajinsa manyan guda biyu, to tun daga shafin farko mai saye da ya san wasan zai rufe littafin. Wannan ɓangare ba ya cin lokaci, bin sahu ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ajin ke tarawa ya kashe. Mun kira shi numfashi: duk lokacin da wani ya mutu a tsakanin ƙafa 30 da Mai Rakiya, sai ya sami ɗaya. Rubuta wannan jimla kaɗai ta isa ta rusa aji, kuma masu wannan sana'a sun daɗe da sanin ramin, har suna da suna gare shi, jakar ɓeraye. In doka ta ce “duk halittar da ta mutu”, mai wayo zai sa jaruminsa ya ɗauko jaka cike da ɓeraye, kafin kowane faɗa ya kashe su ɗaya bayan ɗaya ya cika ma'ajinsa. Mai tace mana rubutu ta zauna a kan wannan layi fiye da kowane a littafin. Abin da ya tsaya a ƙarshe shi ne: sai halittar da ke gaba da kai ko da abokanka, sai a cikin faɗan da aka riga aka jefa ɗan lidon tsara layi, sai kuma wadda ƙarfinta ya kai wani mizani da ke tashi yayin da jarumin ke hawa mataki. Yawan numfashin da za a iya riƙewa mun ɗaure shi da makin ƙwarewa, wato ƙarin da jarumi ke samu a jifar abin da ya iya, wanda ke farawa daga 2 ya ƙare a 6 a mataki na 17, don haka yana girma da saurin da wasan ya riga ya yarda da shi. Bayan dogon hutu, wato barcin da jarumai ke yi su maido da ƙarfinsu, komai ya zube sai ɗaya. Wannan ɗayan muna barinsa da gangan, domin akwai faɗan da abokin gaba ɗaya ne tak, babban dodo, ba wanda zai mutu sai a ƙarshe, kuma bai kamata mai ajin ya zauna hannu rabbana har a tashi ba.

Numfashin abu biyu ake yi da shi. Ko ka zuba shi a cikin sara ya ƙara lahani, ko ka miƙa shi ga abokin da ya faɗi ya jefa ɗan lido biyu ya ɗauki mafi girma. Jifa biyu tana ɗaga damar ci daga kashi 55 zuwa kusan 80. Taimako ne babba, amma har yanzu sau ɗaya cikin biyar ana faɗuwa, kuma wannan ɗayan shi muke karewa. Wani mai gwaji ya nemi mu mai da shi tsira kai tsaye. Mun ƙi, domin wasan ya riga ya sa wa dawo da matacce farashi: tsafin Revivify sai a cikin minti ɗaya da mutuwa, kuma yana cinye lu'ulu'u na zinari 300, Raise Dead kuma na 500 cikin kwana 10. Ajin da ya ba da wannan kyauta a mataki na 2 ya ƙwace wa mai warkarwa aikinsa.

A wurin gwaji muna amfani da ƙananan duwatsu baƙaƙe a matsayin numfashi, mai wasa ya jera su a gabansa. Na ga abin da nake nema a wani zama inda mayaƙin ƙungiyar ya faɗi, an riga an rubuta masa faɗuwa biyu, dodon da ya kayar da shi kuma saura ƙiris. Mai riƙe da ajinmu dutse ɗaya ya rage mata. Ta ɗauke shi tana juya shi a tsakanin yatsu, ta tambayi jagora ko dodon yana tangaɗi, ya ce yana yi. Mai mayaƙin ya ce mata ta sare shi kawai kada ta damu da shi, wani kuma ya ce a'a. Ta tura dutsen ta kan tebur zuwa gaban mai mayaƙin. Ya jefa biyu, 4 da 13. Duk wanda ke wurin yana da bakin magana a cikin wannan shawara, ga shi kuma ba ta ɗauki minti biyu ba. Da dutse uku ne a gabanta da ba a yi wannan muhawara ba, kuma daga nan muka tabbatar cewa ƙarancin numfashin ne ke riƙe da ajin.

Akwai wani rami da ba a cika lura da shi ba. Ajin mutuwa yakan dogara da lahanin ruɓewa, amma jagoran da ya ga irin wannan jarumi a teburinsa sau da yawa labarin fatalwa da kaburbura zai shirya, kuma a nan ne lahanin ke mutuwa: fatalwa da inuwa ba ya taɓa su sam, masu shan jini kuma rabi kawai yake yi musu. Sai ajin ya zama mafi rauni a wurin da ya kamata ya fi kowa amfani. Masu rubuta dokokin wasan sun magance wannan a Death Domain na 2014, wani reshe, wato ƙaramin fanni, na ajin mai warkarwa, ta hanyar barin lahanin ya ratsa juriya a mataki na 6. Mu mun ba Mai Rakiya damar mai da lahaninsa na haske idan abin da ke gabansa matacce ne da ya ƙi kwanciya, domin hakan ya fi dacewa da aikinsa na sallama.

Sai kuma batun masu tsoma baki su wuce. Doka ta yarda a haɗa azuzuwa, don haka duk abin daɗin da ka ajiye a mataki na 1 ko 2, wani zai zo ya ɗauka ya koma ajinsa na asali. A gyaran 2024 an mai da zaɓen reshen kowane aji zuwa mataki na 3, mu ma wata inuwa da muka ba Mai Rakiya ta riƙa binsa, ɗaya tak, mai motsi a cikin lokacinsa ba nata daban ba, sai a mataki na 3 take bayyana. Gwajin kuma muna yin sa a rana mai faɗa ɗaya da rana mai faɗa shida zuwa takwas, kamar yadda littafin jagora na 2014 ya zata, domin ajin da ke tara ƙarfi daga mutuwa yana kumbura ne a doguwar rana, lokacin da tsafin matsafi ya ƙare.

Ta fuskar kasuwa, ba kowace kalma muke da ikon taɓawa ba. Tun Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ya saki ginshiƙin dokokin, SRD 5.1, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa izinin amfani da shi, kuma a kansa muke gini mu sayar a DriveThruRPG, wata kasuwar intanet ta littattafan irin wannan wasa. Amma reshe ɗaya kawai na kowane aji ke cikinsa, Death Domain da Grave Domain, rassan mai warkarwa da suka shafi mutuwa, ba sa ciki. Mai son amfani da su sai ya bi ta Dungeon Masters Guild, kasuwar intanet da aka buɗe a 2016 da izinin kamfanin, inda rabin kuɗin ne nasa kuma ba zai sayar da aikin a wani wuri ba. Mun zaɓi mu rubuta komai da kalmominmu mu riƙe abinmu.

Shafi ɗaya a littafin ba doka ba ce, magana ce da jagoran wasa. Mutuwa a takarda lissafi ce, amma a cikin masu zama a tebur akwai wanda bai daɗe da rasa nasa ba, kuma ba lallai ya faɗa ba. Muna roƙon jagora ya tambayi kowa tun kafin a fara labari, ya kuma ajiye wata alama da mutum zai taɓa a tsallake abu ba tare da an nemi dalili ba. Mai zanenmu ma haka muka yi da ita: babu jini, babu ruɓaɓɓen jiki, hoton bangon littafin mutum ne durƙushe riƙe da hannun wani.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne ikon mataki na 20. Ƙalilan ne ke kaiwa can, amma kowane mai saye shi yake fara buɗewa ya karanta. Wanda ke kan teburin gwaji a halin yanzu shi ne Mai Rakiya ya karɓi faɗuwa ta uku ta abokinsa a kansa, sau ɗaya tsakanin dogon hutu da dogon hutu: abokin ya tashi, shi kuma ya faɗi da faɗuwa biyu a rubuce, sai ya jefa nasa ɗan lidon ba tare da numfashi ko ɗaya ba.