Ciniki Yana Tafiya, Kuɗi Ba Ya Zama

Sai da na shekara biyu da buɗe ƙaramin wurin ɗab'i kafin na zauna na rubuta tsarin kasuwancina a karon farko, kuma gaskiyar magana ba hangen nesa ne ya zaunar da ni ba, wuya ce. A lokacin ina da ma'aikata uku, da injin buga takardu guda ɗaya wanda na saya na hannu, da kwamfutoci biyu, kuma aiki bai taɓa yanke mana ba. Duk wanda ya leƙo ya tarar da inji yana ruri tun safe har dare, ga takardu jibge a kan tebur suna jiran a yanke su, sai ya fita yana cewa lalle kasuwa ta karɓi wannan mutumin. Ni ma haka na ɗauka, domin ma'aunina bai wuce wannan ba: muddin ana shigowa ana fita, to ana samu.

Abin da ya farkar da ni shi ne aiki mafi girma da na taɓa samu. Wani ofishi ya ba mu kwangilar buga littattafan rasit da fom masu yawa, bisa sharaɗin cewa za a biya kwana 60 bayan mun kai kaya. Na juya ambulan ɗin da takardar ta zo a ciki, na lissafa kuɗin takarda da tawada da ladan aiki a bayansa, na ga ribar ta kai ta wata uku a haɗe, na sa hannu ban ko kwana a kan maganar ba. Abin da ban rubuta a bayan ambulan ɗin ba shi ne ranaku. Mai sayar mini da takarda ba ya ɗaga ƙafa fiye da kwana 14, aikin kuma sai da ya ci kwana 21 kafin muka kai shi, wato kuɗina zai fita a rana ta 14 amma ba zai dawo ba sai a rana ta 81. Kwana 67 ke nan jarina yana hannun wani, kuma a cikinsu akwai albashin wata biyu, da kuɗin haya, da na wuta, ga ƙananan ayyukan yau da kullum waɗanda su ma sai an sayi takarda kafin a yi su.

A ƙarshen watan farko na lallaɓa na biya kowa. A ƙarshen na biyu ina zaune ina ta juya littafin ciniki kamar kuɗi zai faɗo daga cikinsa, sai babba a cikin ma'aikatan, mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana goge tawadar hannunsa da tsumma, ya ce, "Maigida, ko akwai labari? Yaran nan nauyin tambaya suke ji." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba. A littafi ina da ribar da ban taɓa ganin irinta ba, aljihun tebur kuwa babu abin da zai biya mutum ɗaya. Washegari na sayar da kwamfuta guda a wulaƙance, na ranto sauran, sannan na rufa wa kaina asiri. Ofishin bai cuce ni ba, domin ranar da suka ambata ita suka biya. Ni ne na shiga yarjejeniyar da rabin awa da biro da takarda za su nuna mini cewa jarina ba zai iya ɗaukarta ba.

Tun daga nan na daina kallon tsarin kasuwanci yadda yawancin masu ƙananan sana'o'i suke kallonsa, wato a matsayin wani kundi mai shafuka da yawa da ake biyan wani ya rubuta idan za a nemi rance a banki ko tallafi, a ɗaure shi da bango mai kyau, a ajiye shi a kabad har ƙura ta rufe shi. Irin wannan kundin yana da nasa amfanin, ban musa ba, amma amfaninsa ga mai ba da kuɗi ne. Tsarin da yake yi wa mai sana'a aiki shi ne wanda ya rubuta da hannunsa, ko da shafi biyu ne, wanda ya tilasta masa amsa tambayoyin da yake gudu: wa zai sayi abin nan, me zai sa ya baro wani ya zo wurina, nawa nake kashewa kafin in sayar da guda ɗaya, yaushe kuɗi zai shigo, yaushe zai fita. Tunanin da yake cikin kai yana da sauƙin yaudara, domin duk inda lissafi ya ƙi haɗuwa zuciya takan cike giɓin da fata. Takarda ba ta da wannan karar, in babu adadi sai gurbin ya zauna fayau yana kallonka.

Daga baya na gano cewa ramin da na faɗa ba nawa ne ni kaɗai ba. A shekarar 2016 cibiyar bincike ta bankin JPMorgan Chase ta duba asusun ƙananan kamfanoni kusan 600,000 a Amurka, ta tarar cewa rabinsu ba su da ajiyar da za ta riƙe su fiye da kwana 27 idan kuɗi ya daina shigowa, kashi ɗaya cikin huɗu kuma ajiyarsu ba ta kai ta kwana 13 ba. Idan aka ɗora waɗannan ranaku a kan kwana 67 ɗin da na jira, za a ga cewa aiki ɗaya mai riba ya isa ya durƙusar da kamfanin da yake lafiya ƙalau. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kimanin ɗaya cikin biyar na sababbin kamfanoni ba sa wuce shekarar farko, kuma kusan rabi ne kawai suke ganin shekara ta biyar. Ba duka rashin tsari ne ya kashe su ba, amma binciken da wasu masana biyu, Frédéric Delmar da Scott Shane, suka wallafa a 2003, bayan sun bi diddigin sababbin kasuwanci 223 a Suwidin, ya nuna cewa waɗanda suka yi tsari ba su cika watsewa kamar sauran ba, kuma sun fi saurin fitar da abin da suke son sayarwa.

Abu na farko da na rubuta, kuma har yau shi ne zuciyar tsarina, jadawali ne na mako 13 masu zuwa. Kowane mako yana da layi uku: abin da nake sa ran zai shigo hannu, abin da dole ya fita, da abin da zai rage. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne ba na rubuta kuɗi a makon da na yi ciniki, sai a makon da nake da tabbacin zai shigo, wanda kuma na san yana da jinkirin biya sai in ƙara masa mako biyu a kan alƙawarinsa. Da zarar layi na uku ya nuna giɓi a mako na takwas, alal misali, ina da mako bakwai cur na neman mafita cikin natsuwa: in matsa wa masu riƙe mini kuɗi, in jinkirta sayen wani abu, ko in nemi mai sayar mini da kaya ya ƙara mini wa'adi tun kafin ranar ta zo. Mai roƙon wa'adi saura wata guda ana yi masa kallon mai tsari, mai roƙonsa ranar biya kuwa ana yi masa kallon wanda jarinsa ya karye, alhali abu ɗaya suka roƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne sanin adadin da zan sayar kafin in fara cin riba. Lissafin ba shi da wuya: a tara duk abin da ake biya a wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kamar haya da albashi, sannan a raba shi da abin da kowane aiki guda yake bari bayan an cire kuɗin kayan da aka yi shi da su. Idan nauyin wata 300 ne, kowane aiki kuma yana barin 5, to ayyuka 60 na farko na mai gidan haya ne da ma'aikata, sai na 61 ne naka. A cikin wannan nauyi dole mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, ya tsaya a kansa. Shekara biyu ina zura hannu a aljihun tebur duk lokacin da buƙatar gida ta taso, ina kiran abin da na ɗiba riba, ashe uwar kuɗi nake ci kaɗan-kaɗan. Akwai kuma kuɗin da ba a ganin fitarsa, wato tsufan kayan aiki, domin inji yana mutuwa a hankali kowace rana, kuma wanda bai ware masa wani abu duk wata ba, ranar da ya tsaya sai ya zama kamar wata musiba ce ta faɗo daga sama.

Wurin da lissafi ya fi ba ni mamaki shi ne ragi. A ce abu ya tsaya maka a kan 80 kana sayar da shi 100. Abokin ciniki ya nemi ragin kashi 10 cikin 100, ka ga ai ɗan kaɗan ne, ka sallama. Ribarka ta sauko daga 20 zuwa 10, wato rabi ya tafi, kuma sai ka sayar da ninki biyu kafin ka koma inda kake. Na sha yin irin wannan ragin don kada mutum ya tafi wurin wani, ina murna na riƙe abokin ciniki. Yanzu ina da farashin da ba na sauka ƙasa da shi, a rubuce, kuma ma'aikatana sun san shi, saboda haka ko ba na nan babu mai sallama aiki a kan faɗuwa.

Sashen da ya shafi masu saye gajere ne a tsarina. Na duba littattafaina na ga abokan ciniki biyu ne suke kawo fiye da rabin kuɗin da yake shigowa, na rubuta abin da zai faru idan ɗayansu ya juya baya, na fara neman wasu. Wannan ma ba zai yiwu ba in da babu littafin shige da fice, domin tsari daga rubutaccen abin da ya wuce yake samun adadinsa. Tun a 1494 wani masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya buga bayanin yadda 'yan kasuwar birnin Benis suke rubuta kowane ciniki a gurbi biyu, amma har yau akwai masu sana'ar da kansu ne kaɗai littafinsu.

Akwai ƙorafin da nake yawan ji, kuma ba na raina shi: kasuwa ba ta bin takarda, farashi yana canzawa, abin da ka tsara a watan Janairu kafin Maris ya zama tarihi. Haka ne. Babu tsarin da ya hango kullen da annobar korona ta jawo a 2020. Sai dai wanda ya san nauyinsa na wata, ya san kwana nawa ajiyarsa za ta kai shi, a ranar farko ya san abin da zai yanke da abin da zai riƙe, wanda bai sani ba kuwa sai da kuɗi ya ƙare ya gane. Dwight Eisenhower, tsohon janar wanda a lokacin shi ne shugaban Amurka, ya faɗa a 1957 cewa tsarin da aka rubuta ba shi da wani amfani, amma aikin tsarawar shi ne komai. Ina ganin ya ɗan zafafa a rabin farko, amma na fahimci nufinsa. Nakan zauna ranar farko ta kowane wata in jera abin da na yi hasashe kusa da abin da ya faru, kuma ba a layin da ya yi daidai nake koyon wani abu ba, a wanda ya kauce ne. Haka na gano cewa wani nau'in aiki da nake alfahari da shi yana cin lokacin inji fiye da abin da yake kawowa, na ƙara masa kuɗi, wasu suka tafi, riba ta ƙaru. Masu cewa arziki na Allah ne kuma sun faɗi gaskiya, amma ban taɓa ganin inda dogaro ga Allah ya hana mutum sanin abin da yake cikin aljihunsa ba.

Bayan shekara guda ofishin nan ya dawo da wani aikin, wanda ya ma fi na farko girma, da sharaɗin kwana 60 ɗin nan dai. Na ce su ba ni kwana biyu. Na shigar da shi cikin jadawalin, na ga giɓi zai buɗe a mako na biyar kuma ba zai rufe ba sai na goma sha biyu. Na koma na shaida musu cewa zan yi aikin idan za su ba da kashi 40 cikin 100 tun farko, ko kuma a raba shi gida uku, a biya kowane kaso idan an kai shi. Jami'in ya ce ba su saba haka ba, sai ya tuntuɓi na gaba da shi. Bayan kwana huɗu ya kira ya ce sun amince da rabawar, amma kason farko kawai za su biya nan take, sauran biyun bayan kwana 30. Na sake buɗe jadawalin na gyara ranakun, layi na uku ya yi ƙasa sosai a mako na bakwai amma bai kai sifili ba, na ɗauki biro na sa hannu.