Eugène, agolan Napoleon

Daren jiya na karanta tarihin Eugène de Beauharnais, kuma har yanzu amanarsa tana raina. An fille kan mahaifinsa a 1794 lokacin juyin juya halin Faransa, sannan mahaifiyarsa Joséphine ta auri Napoleon a 1796, wanda ya naɗa shi wakilinsa a Italiya a 1805, ya kuma ɗauke shi ɗa a 1806. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ko da Napoleon ya rabu da mahaifiyarsa, Eugène bai juya masa baya ba. Shi ya karɓi ragowar rundunar Napoleon da ta wargaje a Rasha a farkon 1813, bayan Murat, mijin ƙanwar Napoleon da ke jagorantarta, ya bar ta. Ya rasu a Munich a 1824.